Wa ake yi wa kwalta, wa ake bari da ƙura?

Sule Direba: Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce da ni, don Allah kada a mai da ita zage-zage. Duk litar man da aka zuba a mota a ƙasar nan ta Ghana akwai harajin asusun hanya a cikin kuɗinta. Mai trotro (bas ɗin haya) yana biya, mai pragya (keke mai ƙafa uku na fasinja) yana biya, mai aboboya (na ɗaukar kaya) yana biya. A nan Kumasi, na unguwar masu hali ta Nhyiaeso da na unguwarmu ta Aboabo kuɗi ɗaya ake cire musu a gidan mai. To yaya aka yi akwai unguwannin da lungu mai gida biyar ma an shimfiɗa masa kwalta, mu kuwa lungunan da mutane suka fi cunkushewa ruwa ɗaya ya isa ya tone su? Wa yake zaɓen hanyar da za a gyara, kuma me yake dubawa?

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Sule, ka san amsa kake tambaya. Akwatin zaɓe yake dubawa. Kujera 47 yankin Asante yake da su a majalisa. A zaɓen 2020 huɗu kacal NDC mai alamar lema ta ci, mazaɓarmu ta Asawase ɗaya ce daga ciki, kuma tun 2005 kujerar take hannun Muntaka Mubarak. NPP mai alamar giwa ta yi shekara takwas a kan mulki. Kana zaton za su ɗebi kuɗi su zuba wa mutanen da suka tabbata ba za su dangwala musu ba? Hukunta mu aka yi, ba wani abu ba.

Awudu Magazin: Baba Alhaji, da girmanka, amma wannan magana ba ta zauna ba. In hukunci ne, Suame laifin me ta yi? Akwai inda ya kai Suame zaɓen giwa? Ɗan majalisarta na lokacin, Osei Kyei-Mensah-Bonsu, shi ne shugaban masu rinjaye, tun 1997 yake majalisa. Duk da haka hanyar da ta ratsa Magazin, unguwar makanikai ta Suame, sai da ta koma ƙura zalla. A watan Yulin 2022 samari suka tare hanya, da ya zo dubawa aka yi masa ihu, aka jefe shi da fiya wata, wato ruwan leda. Kowa ya ga bidiyon. Sai a watan Oktoba shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya zo ya aza harsashin gadar sama, aka zo zaɓen 2024 ba a gama ta ba. Tonawa, wato mutanen Asante, da bakinsu suke cewa jam'iyyarsu ta raina su don ta san ba inda za su.

Alhaji Mai Goro: Ai ku ko harsashi an aza muku.

Awudu Magazin: A kan harsashi mota take tafiya, Baba?

Malam Haruna: Ku biyun nan magana ɗaya kuke yi, ba ku lura ba. Alhaji ya ce an bar Asawase don ta lema ce. Awudu ya ce an bar Suame duk da ta giwa ce. Abin da ya haɗa su shi ne tun kafin a buɗe akwati kowa ya san sakamakonsu. Wanda ya san ba zai ci ba bai ga amfanin kashe kuɗi ba, wanda ya san zai ci ko bai kashe ba shi ma bai ga amfani ba. Kuɗin hanya inda ake fargaba yake zuwa.

Ku tuna 2023. Ɗan majalisar Kumawu ya rasu, aka sa zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Mayu, kuma akwai ɗan takara mai zaman kansa da yake da jama'a. Hanyoyin da mutanen wurin suka daɗe suna kuka a kansu, sai ga gireda da rola, aiki ba dare ba rana. Wata ɗaya bayan nan Assin North, ranar 27 ga Yuni, bayan kotun ƙoli ta tsige James Gyakye Quayson. Kujera ɗaya ce amma majalisa kusan kunnen doki take, don haka nan ma kwalta ta sauka kafin ranar zaɓe. Kuɗin da aka ce babu, cikin makonni ya samu. Hajiya Ladi ta san wannan lissafi: mai waakye (shinkafa da wake) ba ta ƙara wa wanda kullum yake zuwa nama, wanda take tsoron ya koma wajen maƙwabciya shi take yi wa gyara.

Hajiya Ladi: A'a Malam, kada ka sa ni a ciki. Ni na kullum nake ƙara wa talia da gari, shi ya sa suke dawowa.

Malam Haruna: To Hajiya ki tsaya takara, ƙuri'ata taki ce.

Awudu Magazin: Malam, a yi adalci. Gwamnati ta ce kwangilolin Kumawu an bayar da su tun kafin mutumin ya rasu. Kuma a Assin North duk da kwaltar Quayson ne ya sake ci. Ke nan kwalta ba ta sayen ƙuri'a.

Malam Haruna: Na yarda an riga an bayar. Amma kwangila a takarda daban, ɗan kwangila a bakin aiki daban. Kwangiloli nawa ne aka bayar a ƙasar nan suna kwance ciyawa ta rufe allonsu? Tambayar ita ce wa ya sa aka biya wannan ya tashi a wannan makon, aka bar sauran. Cewa kuma dabarar ba ta ci ba a Assin North bai wanke wanda ya gwada ta ba. Kada Alhaji ya yi murna da yawa: gadar Circle a watan Nuwamban 2016 Mahama na NDC ya buɗe ta, saura makonni a yi zaɓe. Ta Flowerpot kuma Nuwamban 2024 Akufo-Addo ya buɗe. Duk su biyun jam'iyyunsu sun faɗi a Disamban da ya biyo baya.

Sule Direba: Wato mu roƙi Allah a yi zaɓen cike gurbi a wajenmu ke nan.

Magaji (mai kula da zaure): Sule, a kiyaye harshe. Ba mu yi wa kowa fatan mutuwa a nan.

Sule Direba: Astagfirullah. Murabus nake nufi, Maigida.

Rabi Nima: Ina gaida manya. Ni daga Ankara, babban birninmu, nake bin ku, kuma na san inda maganar za ta: yanzu wani zai ce Ankara ta cinye komai. Bari in riga shi. Gaskiya ne an yi mana gadoji. Circle, Pokuase mai hawa huɗu a 2021, Obetsebi Lamptey, ta shataletalen Tema. Amma ku tambayi kuɗin wa. Ta Pokuase Bankin Raya Afirka ne ya ba da rance, ta Tema Japan ce ta ɗauki nauyi. Masu ba da irin wannan kuɗi babban aiki suke so, wanda za a ɗauki hotonsa daga sama. Ba wanda zai taso daga Tokyo ya zo ya cike ramin bayan gidanku. Ku shigo cikin Nima da Maamobi ku bar babban titi da taku ashirin, ku ga ko mota tana shiga. Fadar shugaban ƙasa muna hango ta daga nan, bai hana a ɗauko mara lafiya a baya har bakin titi ba.

Awudu Magazin: Anti Rabi, duk da haka ba za a haɗa ba. Gadar Sofoline a 2007 aka fara ta zamanin Kufuor. Ta ga Mills, ta ga Mahama, Akufo-Addo ya zo ya same ta ba a ƙarasa ba. Yaron da aka haifa ranar da aka fara ya shiga makaranta ya yi nisa ana aikin. A Ankara da an bar hanyar da ministoci suke bi haka?

Rabi Nima: Ka bi ta Ofankor zuwa Nsawam a shekarun nan? Hanyarku ce ma ta Kumasi. Ka tambayi direbobin VIP irin wuyar da suka sha a wurin.

Baban Nafisa: Salamu alaikum. Na yi shiru ne ina karantawa, amma tunda Malam ya taɓo biyan 'yan kwangila bari in sa baki, don a nan nake cin abinci. Ni ba babban ɗan kwangila ba ne, gwata da kwalbati nake yi, wani lokaci a ƙarƙashin wani.

Ga yadda abin yake. Ka ci kwangila, ba a ba ka kuɗinta a hannu. Kai za ka nemo siminti da rodi da tsakuwa, ka biya lebura, yawanci da bashin banki. In ka kai wani mataki injiniya ya zo ya auna, a rubuta maka satifiket cewa ka yi aikin kaza, gwamnati ta ci bashinka kaza. Daga nan takardar ta shiga layi. A wannan layin ne son kan yake, ba a wajen rabon hanya kaɗai ba. Wanda ya kawo tasa bayanka sai ka ji an biya shi, don akwai mai ɗaga masa waya. Kai kana nan kuɗin ruwa yana hawa, sidi yana faɗuwa, buhun simintin da ka yi lissafinsa a farashin bara ya tashi. Ranar da aka biya ka, abin da ka karɓa bai kai abin da banki yake bin ka ba. Akwai aikin da na yi wa wani ofishi, ba zan faɗi suna ba, na gama, aka auna, aka sa hannu, har yau ina jira. To mutanen unguwa in sun ga na kwashe kayan aiki sai su ce ɗan kwangila ya gudu da kuɗi. Wane kuɗi?

Sannan in gwamnati ta sauya, sabuwa sai ta ce a dakata za ta binciki kwangilolin tsohuwa. Haka aka yi wa hanyoyin yankunan noman koko a 2017. Ko binciken gaskiya ne, ruwan sama ba ya jiran rahoto. Hanyar da aka kankare aka zuba mata jar ƙasa ana jiran kwalta, damina biyu ta isa ta mai da ita abin da ya fi da muni. Sai a sake bayar da ita ga wani, a sake biya.

Sule Direba: To Kawu, kuɗin man da muke biya fa? Ba don wannan aka kafa asusun ba?

Baban Nafisa: Don shi aka kafa, aka yi masa doka a 1997, musamman don gyara da kula da hanyoyin da ake da su. Amma ana ta ɗora masa sabbin ayyuka da basussuka. Sannan a 2017 aka yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya haura sai ya koma baitulmali a yi wani abu da shi. Kai kana biya da sunan hanya, ba duka yake isa hanya ba. A watan Nuwamban 2021 kuma aka wayi gari an daina karɓar kuɗi a shingayen hanya, aka ce harajin momo, wato tura kuɗi ta waya, zai maye gurbi. Shi ma an soke shi a 2025. Kasafin 2025 ya ce an cire wa asusun hanya wancan takunkumi. Mu dai sai mun ji ƙarar waya.

Hajiya Ladi: Ranar da aka rufe shingayen nan mata nawa suka rasa kasuwa, masu sayar da burodi da ƙwai da ruwa? Har da naƙasassun da aka ɗauka aikin karɓar kuɗin. Wannan ba wanda ya lissafa.

Awudu Magazin: Kawu bai faɗi ɗaya ba. A Disamban 2022 ƙasa ta dakatar da biyan bashin waje, sai a Mayun 2023 aka daidaita da IMF kan dala biliyan 3. Ayyuka da yawa da suke tafiya da rancen waje tsayawa suka yi, har kashi na biyu na kasuwar Kejetia. Wannan ba son kai ba ne, aljihu ne ya huje.

Alhaji Mai Goro: Wa ya huda shi? Ba Akufo-Addo ba ne, da ya ce 2020 shekarar hanyoyi ce, ya ƙara da 2021? Nkrumah ya yi titin Tema da kankare a 1965, ya yi shekara sama da hamsin ana bi. Na yanzu kafin a sauke allon kwangila ya fara ɓarewa.

Ɗan Asabe Tirela: Baba, a nan kam har da mu. Ni Tema zuwa Nijar da Burkina nake yi, ta Kumasi da Techiman da Tamale har Paga. Ana yi wa hanya lissafin nauyin da za ta ɗauka a kowace ƙafa. Mai kaya yana son a loda masa na mota biyu a mota ɗaya, direba yana son kuɗin sama. Wuraren awon nauyi suna nan, amma kowa ya san yadda ake wucewa. Tirela ɗaya mai lodin wuce kima ta fi ƙananan motoci masu ɗimbin yawa cin hanya. Ko mala'ika aka ba kwangilar, in haka za mu riƙa bi, ba za ta daɗe ba.

Hajiya Ladi: Ku maza duk maganarku gadar sama da tirela. Ni damuwata daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Da rani ƙura, in rufe abinci in buɗe, mai saye ya ga ja-ja a kan leda ya wuce. Da damina yara su tafi makaranta da takalmi a hannu. Mace ta fara naƙuda da dare, mai tasi ya ce ba zai shigo ba, a fito da ita a aboboya. Kuma ni ban ma ce a ba mu kwalta ba. A fara yi mana gwata. Duk inda aka zuba kwalta ba gwata a Sawaba da Aboabo, ruwa ne yake bi ta ƙarƙashi ya ɗaga ta. Amma gwata ba ta da kyan hoto, ba wanda yake zuwa da makaɗa ya yanke ƙyalle a kanta.

Baban Nafisa: Hajiya ta faɗi abin da injiniyoyi suke faɗa. Ruwa ne babban maƙiyin hanya. Kuma yashe gwata da like ƙaramin rami tun yana ƙarami ya fi sake hanya araha nesa ba kusa ba. Sai dai shi ne kuɗin da ake fara yankewa.

Nuhu Sabon Zango: In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Inda aka yi gwatar fa? Da hadari ya haɗu sai ka ga ana fitowa da shara ana juyewa a ciki wai ruwa ya tafi da ita. Ku dubi rafin Aboabo. Gwamnati ce ta cika shi da leda?

Hajiya Ladi: Nuhu, yaushe rabon da ka ga an kwashe kwantenar shara a kan lokaci? Ka kai shara ka biya, ta cika ta zube, ruwa ya kwashe ta ya kai gwata. Ban ce muna da gaskiya duka ba, amma uwarka ma a unguwar nan take, ka je ka tambaye ta inda za ta kai.

Nuhu Sabon Zango: Allah ya ba ki haƙuri Mama, ban yi da ke ba.

Rabi Nima: Ina Asusun Raya Zango a cikin wannan lissafi? An yi masa doka a 2017, har ma'aikata guda aka buɗe ta Zango, Boniface Abubakar Saddique ya fara riƙewa, Mustapha Abdul-Hamid ya gaje shi, a 2021 aka rufe ta. Abin da ya fi fitowa fili filayen ƙwallo ne masu ciyawar roba.

Nuhu Sabon Zango: Anti, kada a raina filin ƙwallo. Yaran da da yamma suke zaman banza yanzu suna can. Kuma an yi ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da fitilun titi a wasu wurare. Kuɗin asusun gaba ɗaya ba zai yi hanyoyin Zango ɗaya ba.

Rabi Nima: Abin da nake tsoro ke nan. A ware maka ɗan ƙaramin asusu da sunanka, sai in ka je neman rabonka a babban kasafi a ce ai kuna da naku.

Sule Direba: Ni har yanzu ban ji wanda zan kama ba. Onarabul ɗan majalisa? Asambiliman, wakilin unguwa a majalisar gunduma?

Malam Haruna: Ya danganta da hanyar. Manyan hanyoyin da suke haɗa gari da gari na Hukumar Manyan Hanyoyi ne. Na cikin birni na Sashen Hanyoyin Birane. Na ƙauye da gonaki na Sashen Hanyoyin Karkara. Duk a ƙarƙashin ma'aikatar hanyoyi suke. Ɗan majalisa ba shi da kasafin hanya, roƙo yake yi a ofishin minista kamar kowa, sai dai in jam'iyyarsa ce a sama ƙofar ta fi saurin buɗuwa. Laifinsu shi ne a kamfe ba su faɗin haka, cewa suke zan yi muku hanya. Asambiliman kuwa ko albashin kirki ba shi da shi.

Wanda ya fi kusa da lungunanmu shi ne shugaban gunduma, tamu ta Asokore Mampong tun 2012 aka cire ta daga Kumasi. Amma duk ƙasar nan shugaban gunduma ba mu muke zaɓensa ba. Shugaban ƙasa ne yake naɗawa, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar gunduma su amince. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disamban 2019 da ta shafi wannan batu, aka soke ta ana saura kwanaki. To mutumin da Ankara ta ba kujera, Ankara ce kuma za ta iya karɓewa, wa zai fi jin tsoro, Hajiya Ladi ko shugaban jam'iyya na mazaɓa?

Awudu Magazin: Amma an raba wa gundumomi injinan gyaran hanya a 2024. Duk gunduma ta samu, ba a ce wannan ta lema ce ba.

Malam Haruna: An raba, a ƙarshen Yuli, saura wata huɗu da 'yan kwanaki a yi zaɓe. Tunanin mai kyau ne, ban musa ba. Sai dai gireda ba ta tafiya sai da mai da direba, kuma wani ne zai ce ta fara ta wannan layi kafin wancan. Mun dawo kan tambayar Sule.

Awudu Magazin: To bari in juya ta. Yanzu lema ce a sama. Muntaka ministan cikin gida ne. Mahama ya yi alkawarin babban shirin ayyuka na dala biliyan 10. Baba Alhaji, in gobe aka shimfiɗe Asawase da kwalta lungu-lungu aka bar Suame da Bantama da Tafo, za ka ce an yi adalci?

Alhaji Mai Goro: Zan ce alhamdu lillahi. Lokacinmu ne.

Awudu Magazin: Jama'a kun ji da kunnenku.

*An goge wannan saƙo*

Magaji (mai kula da zaure): Na goge na Nuhu. Alhaji sa'an mahaifinka ne. A yi gardama, ban da rashin kunya.

Alhaji Mai Goro: Bar shi, yaro ne. Ku saurara in fayyace. Ba ramuwar gayya nake nufi ba. Kakanninmu sun zo garin nan da fataucin goro da shanu tun kafin a haifi kakannin wasu masu yi mana kallon baƙi. Unguwanninmu ba a yanka su da faɗin titi irin na Nhyiaeso da Danyame ba, tun zamanin Turawa. An fara tseren an bar mu a baya. In yau aka ce a raba daidai, kowa kilomita ɗaya, wanda yake da goma ya zama da sha ɗaya, mai sifili ya zama da ɗaya. Wannan ne adalcin? Wanda aka bari a baya dole a ba shi fiye kafin a zo daidai.

Malam Haruna: Wannan magana ta biyu, Alhaji, ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma tsarin mulkin 1992 yana tare da kai. Sashe na 36 ya ɗora wa gwamnati raya kowane yanki da kowane ɓangare na kowane yanki daidai wa daida, da gyara giɓin da ke tsakani. Amma ita daban take da ta farko. In an ba mu don an ƙirga mutane, an auna lalacewar hanya, an duba nisan asibiti da makaranta, to ko wa ya hau mulki haƙƙinmu yana nan. In kuwa an ba mu don namu ne a sama, ranar da ya sauka an gama da mu, kuma ba mu da bakin kuka tunda mun ce lokaci ne. Moshie Zango da Zangon Tafo fa? 'Yan'uwanmu ne, amma mazaɓunsu na giwa ne. Da lissafin lokacinmu ne, su sai su jira.

Alhaji Mai Goro: Malam, kai a allo kake lissafi. Ni na ga gwamnatoci tun kafin Rawlings. Ban taɓa ganin wadda ta raba hanya da ma'auni ba. In naka ya samu dama bai yi maka ba, na wani ba zai yi maka ba.

Rabi Nima: Baba, daga 2009 zuwa 2016 ai namu ne a sama. Me ya hana a gama da lungunan a lokacin?

Alhaji Mai Goro: An yi wasu. Ba a gama ba.

Awudu Magazin: Mu ma an yi wasu, ba a gama ba. Ashe dai jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Sule Direba: Ni abin da zai raba gardamar nan shi ne a ga takarda. Hanya nawa aka bayar a gundumarmu, nawa aka gama, nawa aka biya, wa aka ba. Kowa yana magana ne da abin da idonsa ya gani a layinsu.

Malam Haruna: Ana iya nema. Akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2019. Kowane ɗan ƙasa zai iya rubuta wa jami'in bayanai na ofishi, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma doka ta ba su kwana 14 su ba da amsa. In sun ƙi akwai hukumar da ake kai ƙara. Zan iya rubutawa, ɗaya zuwa gunduma, ɗaya zuwa ofishin hanyoyin birane na yanki. Amma ba zan sa sunana ni kaɗai ba.

Hajiya Ladi: Sa nawa. Kuma a tambaya har da gwata, kada a tsaya kan kwalta.

Sule Direba: Da ni. Zan yi wa shugabannin tasharmu magana ko za su buga hatimi.

Baban Nafisa: Ni ku yafe mini. Takardata tana kan teburin wani. Amma zan faɗa wa Malam abin da zai tambaya a keɓe: ranar da aka bayar, ranar da aka rubuta satifiket, ranar da aka biya, da kuma ko an yi gasa ko mutum ɗaya aka kira aka ba. A tsakanin ranakun nan za ku ga abin da kuke nema.

Alhaji Mai Goro: A sa sunana a farko. A nemi na 2017 zuwa 2024, kowa ya ga abin da aka yi mana.

Awudu Magazin: A'a Baba. Daga 2009 zuwa yau, ko kuma ban sa hannu ba.

Alhaji Mai Goro: Kai da ba ma a gundumar kake zaɓe ba?

Awudu Magazin: A Akwatia Line nake kwana, Baba. Shokozoba nawa na canza saboda layin nan.

Malam Haruna: Daga 2009 zan rubuta, har da na bana. Gobe bayan la'asar zan turo daftarin a nan kowa ya duba. Alhaji, sunanka yana nan ko in cire?

Alhaji Mai Goro: Turo in gani tukuna.